Jinin da Ya Wuni Cikin Kwalba

Dijatu ta shekara goma sha ɗaya tana aikin awon jini a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke bayan kasuwar Filinge. Mai asibitin, Dokotoro Manzo, tsohon likita ne da ya bar aikin gwamnati ya dawo garinsu ya buɗe ɗakuna biyar. Ɗaya daga ciki shi ne laborato, kuma ita kaɗai ce a cikinsa, daga ita sai madubin duba ƙwayoyin cuta, da firigo, da wata ƴar farar na'ura da Dokotoro ya sayo a Yamai shekara biyu kafin sojoji su karɓi mulki.

Aiki ɗaya na'urar take yi, wato auna saurin kwanciyar jini. In aka zuba jini cikin siririyar kwalba aka tsayar da ita, jan yakan sauka ƙasa, ruwa mai kalar ɗorawa ya tsaya a sama. Na mai lafiya a hankali yake sauka. Na wanda wani ciwo ke ci a ciki kuwa, ƙwayoyin kan manne da juna su yi nauyi, su sauka da sauri. A da Dijatu kan ja jinin cikin dogon bututun gilashi mai layuka, ta tsayar, ta jira awa guda cur kafin ta karanta. Na'urar ta raba ta da wannan jira. Tana da rami goma. In an dasa kwalba, wani haske da ido ba ya gani yakan bi jikinta daga ƙasa zuwa sama ya gano inda ja ya ƙare. Bayan rabin awa ya sake bi, na'urar ta lissafa abin da zai kasance a awa guda, ta tofo ƴar takarda da lamba a kai. Ba ta faɗin sunan ciwo. Lambar dai kan nuna wa likita ko ya kwantar da hankali, ko ya ƙara bincike.

Cikin watan takwas na shekarar juyin mulki aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Kuran, wato lantarkin, ya koma zuwa yadda ya ga dama, wani lokaci awa uku, wani lokaci a wuni babu. Batirin da ke riƙe na'urar in wuta ta ɗauke ya mutu tun mako na biyu, ba a kuma samu irinsa ba tunda iyaka a rufe take.

A irin wannan lokaci ne yayanta Ibrah ya zo, wata ranar kasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, ya girme ta da shekara goma sha huɗu, kuma shi ya tsaya tsayin daka aka bar ta a lakkwal, makarantar boko, lokacin da mahaifinsu ya rasu. Manomi ne a ƙauyensu, can gefen Sanam. Ya shigo laborato ya zauna a gefen benci yana dafe da ƙugu.

"Dije, bayan nan nawa ya hana ni sakat. Tun shibka nike jin shi, yanzu ko duƙawa sai da dabara."

"Ina matarka Hajara? Ita ta bar ka ka taho kai ɗai?"

"Ita ta matsa min in taho. Ni da cewa na yi gajiya ce."

Ta kai shi wurin Dokotoro. Ranar ana cikin tsakiyar zazzaɓin damina, mata da yara sun cika baranda har waje. Dokotoro ya ɗan latsa bayan ta saman riga, ya tambaye shi ko yana tari, ya ce a'a. Ya rubuta a auna masa jini.

Ƙarfe tara da ƴan mintoci ta ɗebi jinin, ta jujjuya kwalbar, ta dasa. Saura minti takwas awon ya cika, fanka ta tsaya, fuskar na'urar ta yi baƙi. In haka ta faru na'urar takan manta inda ta fara, sai an sake daga farko. Dijatu ta zare kwalbar ta ajiye, ta ci gaba da duban zazzaɓi da hasken taga.

Azahar ta yi wuta ba ta dawo ba. Ibrah ya leƙo ya ce motarsu za ta tashi. A wannan hanyar ba direban da ke yarda la'asar ta riske shi cikin daji, saboda ƴan bindiga. In ya rasa wannan motar sai wata kasuwar, ga noma na biyu yana jiransa.

"Tahi abinka, Yaya. In wuta ta dawo in auna, sai in kira ka."

Sai wajen ƙarfe biyar fanka ta motsa. Dijatu ta ɗauki kwalbar ta riƙe ta a hannu. Ta san ƙa'ida sarai. Jinin wannan awo bai kamata ya wuce awa huɗu a ajiye ba, in kuwa ya daɗe, ƙwayoyin kan canza, su ƙi mannewa, lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Wannan ya yi awa takwas cikin zafi, firigon ma a mace ya wuni. Abin da ya dace shi ne ta zubar, ta ce ya dawo. Ta tuna hanyar, ta tuna gonarsa, ta tuna yadda ya hau bayan motar yana cije baki. Ta ce a ranta ai in abu babba ne zai nuna ko yaya. Ta jujjuya kwalbar ta dasa.

Takarda ta fito da ashirin da huɗu. Ta kwafe a fom, ba ta rubuta lokacin da aka ɗebi jinin ba. Dokotoro ya duba yana tsaye, yana wanke hannu.

"Shekararshi nawa?"

"Hamsin da biyar."

"To ai wannan ba komi ba ne. Bayan manomi ne. A aika mashi ƙwayar ciwon jiki, ya rage duƙawa."

Washegari ta samu Ibrah a waya bayan ta kira sau shida. Ta ce masa jininsa lafiya lau. Ta ji yana maimaita wa Hajara, ta ji Hajara na cewa alhamdu lillahi daga nesa.

Bayan haka sun yi waya kamar sau uku. Duk lokacin da ta tambayi bayan sai ya ce da sauƙi, ya shiga zancen ruwa da tsutsar da ta faɗa wa hatsi. Ita ma ba ta matsa ba. Wani lokaci tana dasa kwalbar wani sai abin ya faɗo mata, ta ce in ya zo bayan kaka za ta sake auna shi ba tare da ta ce komai ba.

Bayan an gama ɗaurin hatsi aka kawo shi, kwance kan katifa a bayan mota. Maza biyu suka sauko da shi. Da farko ba ta gane shi ba, don ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Hajara na biye da buhun kaya a kai, idonta ya faɗa.

"Kwana goma ke nan ƙahwahun sun ƙi ɗaukar shi," in ji Hajara. "In ya tashi sai su lanƙwashe. Ga zuhwa kullum sai na sake mashi zane."

Wannan karon Dokotoro ya sa aka tuɓe masa riga, aka juya shi. A tsakiyar baya ƙashi ya turo kamar gwiwar yaro. Ya daɗe yana kallon wurin, ya ɗauki allura ya tsikari tafin ƙafar. Ibrah ya ce yana ji, amma kamar daga nesa.

Da wuta a safiyar nan. Dijatu ta ɗebi jinin, ta dasa, ta zauna gaban na'urar ba ta taɓa wani aiki ba. Tun kafin rabin awar ta cika ta ga abin da idonta, jan ya zube ƙasa, ruwan ya cika fiye da rabin kwalbar. Takarda ta fito: ɗari da ashirin da ɗaya.

Ta miƙe ta shiga ɗakin ajiya. Ƙarƙashin kwalayen safar hannu ta samo tsofaffin bututan gilashin nan da katakon da ake tsayar da su, waɗanda ba ta taɓa ba tun zuwan na'urar. Ta wanke ɗaya ta busar, ta koma ta sake ɗibar jininsa, ta ce masa na farkon bai isa ba. Ta tsayar, ta ajiye agogon hannunta a gefe. Awa guda tana kallon jan yana sauka layi bayan layi. Ya tsaya a ɗari da goma sha takwas.

Tana wanke bututun ne abin ya ƙara yi mata nauyi. Waɗannan ba sa buƙatar wuta. Suna nan cikin ɗakin ajiya ranar da fanka ta tsaya, taku goma daga inda take zaune, kuma ko kusa ba su faɗo mata a rai ba.

Ta kai wa Dokotoro takardun biyu, ta rufe ƙofa.

"Dokotoro, ina da magana. Awon watan takwas, jinin ya wuni kahin in sa shi. Wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba sai biyar. Na sani bai kamata ba, na sa, kuma ban hwaɗa maka ba."

Ya cire tabarau ya ajiye kan tebur. Bai ɗaga murya ba, bai ma dube ta ba da farko.

"Awa nawa?"

"Takwas."

"Na mutum nawa kinka yi haka?"

"Shi ɗai. Sauran na cikin gari ne, na ce su dawo."

Sannan ya ce, "Da kin hwaɗa min, da ban dogara da lambar ba. Wannan naki ne, Madam Dijatu, ba zan rage maki shi ba. Ni kuma ban tuɓe mashi riga ba ranar. Wannan nawa ne."

"Da jinin sabo ne, da nawa zai nuna?"

"Ban sani ba. Ƙila sittin, ƙila talatin. Ba wanda zai iya hwaɗa maki yanzu." Ya jawo takarda ya fara rubutu. "Ina zaton tibi ce, ciwon tarin huka, ta kama ƙashin baya. Gobe da sahe ku kama hanyar Yamai, sai an ɗauki hoto. Ki tahi da su, ke kin san ƙohwohin asibiti."

Ta fito ta same su a ɗakin da aka kwantar da shi. Hajara na ba shi fura da ludayi. Dijatu ta zauna a ƙasa gefen gadon, ta gaya musu zancen Yamai. Da ta gama ba ta tashi ba. Ta yi niyyar bari sai ya warke, amma ta ga in ta fita daga ɗakin nan da maganar a cikinta, ba za ta taɓa faɗa ba. Ta faɗa musu yadda ta faɗa wa Dokotoro, ta ƙara da bayanin abin da daɗewa ke yi wa jini, don kada su ɗauka laifin wuta ne kawai.

Ibrah ya dubi rufin ɗakin. "To. Allah ya riga ya rubuta."

Hajara ta ajiye ludayin cikin ƙwarya. "Ke kinka ce lahiya lau."

"Ni na ce."

"Na hana shi gona, ya ce ƙanwarshi ta auna, ba komi. Da maganarki ya yi noma na biyu. Da maganarki ya ɗauki dame bisa kai har rumbu, yana tahiya yana tsayawa. Na ce mu koma Filinge, ya ce mi za mu je yi, Dije ta riga ta duba."

"Hajara, ya isa," in ji Ibrah.

"Bai isa ba, Malam. Da wani can ne ya auna, da na yi gardama. Don ita ce na yi shiru."

Ta ɗauki ƙwaryar ta fita. Dijatu ta zauna tana jin ƙarar fanka. Can Ibrah ya ce ta gyara masa matashi, ta gyara. Bai ƙara cewa komai a kai ba, ranar ko bayanta.

Tafiyar Yamai ta ci musu kusan wuni. An tsayar da su a shingen sojoji sau huɗu, kowane wuri sai an leƙa an ga mai kwance. Duk ramin da motar ta faɗa sai Ibrah ya damƙe ƙarfen gefe. Hajara na zaune wajen kansa, Dijatu wajen ƙafafu, ba wadda ta yi wa wata magana sai in ruwa za a miƙa.

A babban asibiti hoto ya nuna abin da Dokotoro ya zata. Ƙashi biyu na gadon baya sun cinye sun haɗe, suna danne lakar da ke aika ƙarfi zuwa ƙafafu. Likitan da ya duba, wani matashi mai magana da sauri, ya ce za a fara magani nan take, shekara guda zai yi yana sha, kuma sai ya kwanta ba motsi na wasu watanni. Dijatu ta bi shi har baranda ta tambaye shi da Faransanci, don kada Hajara ta ji, ko da an gano wata huɗu da suka wuce da ƙafafun sun tsira. Ya ce mata wata huɗu ba kaɗan ba ne a irin wannan ciwo, amma shi ba ya waiwayen abin da ya wuce, ga marasa lafiya na jiransa.

Sun yi mako uku aka sallame su. Ƙauye ba zai yiwu ba, don haka gidan Dijatu aka sauke shi. Mijinta Hamidu, malamin lakkwal, ya kwashe littattafansa daga ɗakin zaure aka shimfiɗa katako da katifa. Hajara ta zauna tare da shi. Takan gaida Dijatu da safe yadda ake gaida maƙwabciya, ta karɓi maganin daga hannunta ta ba shi da kanta. Ta sa aka kawo mata tukunya da hatsi daga ƙauye, ta kafa murhunta a gefen zauren. In Dijatu ta aiko da tuwo, Ibrah kan ci, Hajara ta ce ta ƙoshi. Hamidu ya so ya sa baki, Dijatu ta ce ya bari.

A wurin aiki ta jera bututan gilashin kan tebur kusa da na'urar. Kowace kwalba ta koma rubuta mata lokaci a jiki. In wuta ta ɗauke ta juya ga gilashi, in jini ya daɗe ta zubar ko na wane ne. Wani ɗan kasuwa da ya zo daga Bonkuku ya yi mata faɗa sosai da ta ce sai an sake tsira masa allura, ya ce jininsa ba ruwan rijiya ba ne. Ta bar shi ya gama, ta sake ɗiba. Dokotoro Manzo bai ƙara tayar da zancen ba, sai dai ta lura duk takardar da ta kai masa yanzu yakan duba lokacin kafin ya duba lambar.

Kowane wata takan auna Ibrah. Casa'in, sannan saba'in da biyu. A wata na uku lambar ta koma saba'in da tara, ta kwana biyu ba ta iya cin abinci, sai ga shi mura ce ta kama shi. Cikin watan uku na sabuwar shekara wuta ta ɗan daidaita. Zuwa lokacin yana motsa yatsun ƙafa, ya fara zama da matashi a baya. Hamidu ya sa kafinta ya yi masa sanduna biyu. Ranar da ya fara kaiwa bakin ƙofar gida da su, ƙafar hagu na jan ƙasa, ya tsaya yana haki yana kallon titi, ya ce a kawo masa kujera nan.

Likitan Yamai ya sake ganinsa a watan biyar. Ya ce ciwon yana gushewa, ƙashin na haɗewa, amma bayan zai zauna a tanƙware, kuma zancen hauya ya ƙare. Ibrah ya saurara, ya yi godiya. A mota suna dawowa ya ce wa Hajara a ba Garba mijin ɗiyarsu babbar gonar ya noma, su a bar musu ta bayan gida.

Da hadari ya fara haɗuwa ya ce shi gida zai koma, ba zai ji ruwan shuka daga zauren wani ba. Dijatu ta roƙe shi ya ƙara ko wata biyu, ya ƙi. Ta haɗa masa maganin wata guda, ta rubuta ranakun da zai dawo karɓar wani a kuma auna shi.

Ranar kasuwa suka raka su tasha. Aka ɗaga shi aka sa a gaba kusa da direba, aka cusa sandunan ƙarƙashin kujera. Ya leƙo ta taga ya ce, "Dije, ki riƙa cin abinci, kin hi ni ramewa." Ta yi murmushi.

Hajara ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota, sai ta sauko ta dawo inda Dijatu take. Ta miƙa hannu, Dijatu ta ba ta takardar ranakun. Ba ta iya karatu ba, amma ta ninke ta ta ɗaure a bakin zane.

"Wace rana ce ta hwarko?"

"Kasuwa huɗu nan gaba."

"Ni zan kawo shi. In kin ɗebi jinin, ina nan zaune cikin ɗakin har takarda ta hito. In mota ta tashi ta tashi, mu kwana."

"To," in ji Dijatu. "Akwai benci."

Hajara ta hau. Direba ya tada mota, suka bi ta gefen masu awaki suka fita hanyar arewa. Dijatu ta koma asibiti, ta tarar mutum huɗu na jiranta a baranda.